Na sha maganin taifot har na gaji, ashe ciwon damuwa ke cina

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin ina fasawa, saboda a kasuwarmu in aka ji ka taɓa zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa to shikenan, ko bashin turmi biyar ka nema sai an yi ƙus-ƙus a bayanka. Amma yanzu abin da mutane za su ce bai kai min nauyin abin da na gani ba, kuma na tabbata akwai magidanta da yawa irina a kasuwa da ofis da bakin titi da suke yawo da wannan ciwon suna ta sayen maganin zazzaɓi a kemis.

Ni ɗan cikin garin Kano ne, kuma ni ne ɗan fari a ɗakinmu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tela ne, mutum mai zafi amma mai amana, kuma kalmar da muka fi ji a bakinsa ita ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In ka faɗi ka fasa gwiwa ka zo kana kuka zai kalle ka yace kai mace ne? To da haka na tashi, duk abin da ya dame ni haɗiyewa nake, kuma har ga Allah ina ganin hakan shi ne cikar namiji.

Ina firamare ƙanwata ta rasu, ƙyanda ce ta kama ta. An yi zaman makoki an watse, kowa ya koma harkarsa, amma Umma bata dawo ba. Tana cikin gidan amma bata nan. Watanni tana zaune a ƙuryar ɗaki, bata kitso bata wanka sai an matsa mata, abinci a kai a ɗauko yadda yake, in na shiga na gaishe ta sai ta kalle ni ta kawar da kai. Ina tuna ƙaurin hayaƙin da ake mata da magariba, a lulluɓe ta da zani a saka kasko a ciki tana tari, mu yara muna leƙe ta bakin labule. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne, kuma da aka ce sammu ai kun san inda yatsa zai nuna. Abokiyar zamanta, matar da take mana wanka take bamu abinci duk tsawon lokacin nan, ita aka ɗora wa. Dangin Umma suka dinga jifanta da habaici, Baba ya rasa yadda zai yi, ƙarshe auren bai kai ba. Umma ta warware a hankali da kanta bayan kusan shekara, sai aka ce ai kun gani, tunda mai abin ta bar gidan ga sauƙi ya samu. Na girma da yardar cewa haka ne.

Da na gama sakandare aka kai ni Kantin Kwari wajen wani Alhaji ina yaron shago. Na yi shekaru ina ɗaukar dila ina jera atamfa da shadda da leshi, har ya sallame ni ya bani jari da ɗan waje a ƙasa. Allah ya sa albarka, na yi aure, aka samu yara, Baba ya rasu ragamar gida ta dawo hannuna, kuɗin makarantar ƙanne, maganin Umma, kayan ɗakin mata biyu da na aurar. Ban taɓa jin abin a matsayin nauyi ba, alfahari ma nake.

Watan Agustan 2022 aka yi ruwan nan da ya shiga kasuwar, duk wanda yake Kano ya san labarin. Da na iso ruwa ya wuce gwiwa a layinmu, ruwa baƙi mai ɗoyi, kuma kwanaki kaɗan kafin nan na sauke kaya, rabi kuɗina rabi na mutane. Muka dinga fito da dila muna farkewa muna shanya atamfa a kan rufi da jikin motoci, shaddar da ake sayarwa da tsada ta koma kayan ruwa, mai saye ya taya yadda ya ga dama kai kuma ka ce Allah ya sa albarka. Wallahi ko ɗigon hawaye ban yi ba. Ni ne ma mai bi shago shago ina cewa a yi haƙuri, Allah da ya bayar shi ya karɓa. Mutane suna ta yabon tawakkalina.

Bayan nan abubuwa suka biyo juna, wahalar takardun kuɗi a farkon 2023 lokacin canjin naira, sai cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, sai juyin mulkin Nijar a watan Yuli aka rufe boda, kwastomominmu na Maraɗi da Damagaram da suke ɗaukar kaya da yawa suka ɗauke ƙafa. Amma abin da nake so a gane shi ne ni ban karye ba. Ubangidana ya tsaya min, masu bina bashi sun ɗaga min ƙafa, na biya kaso mai yawa, shago ya fara cika. A daidai lokacin da kowa ke cewa Alhamdulillahi ka farfaɗo, a lokacin ne ciwon ya kama ni, shi yasa ko a mafarki ban haɗa shi da damuwa ba.

Da jiki ya fara. Kaina ya dinga zafi daga tsakiya, wuyana ya riƙe, ƙirjina ya yi nauyi kamar an ɗora min dilar atamfa an ce in yi ta yawo da ita ba saukewa kuma ba mai ganinta sai ni. Gabana ya dinga faɗuwa ba dalili, waya in ta yi ƙara sai in ji hantar cikina ta kaɗa. Na je kemis aka ce maleriya ce, na sha magani. Na je wajen gwaji aka ce akwai taifot, aka min allurai aka ƙara min ruwa. Bayan sati biyu abin na nan, a sake gwaji a sake cewa taifot ɗin bai fita ba. Wani yace olsa ce, wani yace basir ne ya hau sama, wani yace shawara, na sha saiwa na sha jiƙo na sha dauri, kuɗin da na kashe a wannan zagayen ya ishi jarin wani.

Sai barci. Zan kwanta in yi barci kamar na awa biyu ko uku, tun kafin kiran sallar farko idona ya buɗe tar, shikenan kuma. Wannan lokacin na tsakanin dare da asuba shi ne mafi muni a rayuwata, kowa na barci, ni ina kallon silin ina lissafin duk wani kuskure da ake iya ɗora min tun ina yaro, zuciyata na gaya min kai ba komai bane, ka ci amanar mutane, yaranka za su tashi a wulaƙance saboda kai. Da safe in ji ko ɗaga ƙafa bana iyawa. Zuwa la'asar sai in ɗan ji dama-dama, sai in ce to ai sauƙi ya zo, gobe kuma a koma gidan jiya.

Abinci ya fita raina, ni da nake cin tuwon dare har in nemi ƙari. Wandunana suka min yawa. Ƙwallo da nake mutuwar so, ranar da ake wasa abokai su kira ni in ƙi ɗauka. Majalisarmu ta bayan isha na daina zuwa. A shago kwastoma zai tambaye ni kuɗin turmi in tsaya ina kallonsa, lissafin da nake yi da ka tun ina yaro sai na ɗauko waya kuma in manta me zan danna. Har ta ɓangaren iyali komai ya mutu, kuma wannan ma aka ce basir ne.

Abin da ya fi ci min rai har yau shi ne yarana. Na zama mafaɗaci. Ƙaramar ta rugo da gudu ta rungume ƙafata in na dawo, in daka mata tsawa ba laifin komai, in ga ta ja da baya tana kallona, in shiga ɗaki zuciyata na ƙuna amma na kasa fitowa in rarrashe ta. Yara suka koyi yin shiru in sun ji ƙarar mashin ɗina. Mutane suna zaton mai ciwon damuwa shi ne wanda ke zaune yana kuka, a wajen maza da yawa faɗa ne da tsawa da ƙunci.

Ga kuma ibada. Ina sallah amma ban san me na karanta ba, Alƙur'ani in buɗe in kasa wuce shafi ɗaya. Na gaya wa wani abokina kaɗan daga ciki, yace min wallahi raunin imani ne, mumini baya damuwa, ka duba waɗanda suka fi ka asara suna dariya, ka yawaita istigfari. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma maganar nan ta ƙara danne ni, saboda yanzu bayan ciwo an ƙara min da cewa Allah ma fushi yake da ni. Aka kai ni ruƙiyya, aka yi karatu a kunnena ba abin da ya yi magana, aka bani man zaitun da habbatus sauda da ganyen magarya na wanka. Wani a kasuwa ya matso yace Alhaji akwai abin da zai ware maka kai, ya nuna min tiramol a tafin hannunsa, yace ko kodin kake so ana samu duk da an hana tun 2018. Allah ya tsare ni ban karɓa ba, amma ranar na fahimci yadda aka yi yara da yawa da muke zagi da 'yan ƙwaya suka faɗa ciki, wasunsu ciwo ne suke neman inda za su ajiye shi.

Zan faɗi wannan ɓangaren duk da nauyinsa. Akwai lokacin da na fara ganin iyalina za su fi samun sauƙi in babu ni. Na idar da sallah in ɗaga hannu, maimakon in roƙi lafiya sai in ji ina roƙon Allah ya ɗauki raina. Daga nan tunanin ya fara wuce roƙo. Na san hukuncin a addini sarai, na san abin da ake cewa a kan wanda ya aikata, kuma a lokacin ko a dokar ƙasa yunƙurin hakan laifi ne da ake iya ɗaure mutum a kai, to wa zan tunkara da wannan maganar? Na rufe ta a cikina. A waje ina gaisawa da mutane ina cewa lafiya lau Alhamdulillahi.

Wani dare bayan isha na ɗauko littafin bashi, babban littafin nan mai baƙin bango, na kira maiɗakina nace zauna. Na fara nuna mata, wannan yana bina kaza, wannan ina binsa kaza, ga lambar ubangidana, ga inda takardar fili take, ga lambar sirrin katin banki. Tana ta kallona bata ce komai ba har na gama. Sai ta rufe littafin ta ɗora hannunta a kai tace Abban yara, tafiya za ka yi? Nace a'a, rai ne ba a san gawar fari ba. Tace shekara nawa muna tare baka taɓa nuna min littafin nan ba sai yau, wallahi ba zan karɓa ba, kuma yau ba zan yi barci ba. Haka ta zauna a bakin gado har asuba. Da gari ya waye ta kira yayarta wadda take aikin nas, na ji ta a tsakar gida tana magana ƙasa-ƙasa tana kuka.

Yayar tata ta zo da kanta, bata min wa'azi ba bata tambaye ni dalili ba, tace kawai ka shirya mu je ka ga likita, wannan ciwon kan naka ya isa haka. Da ta ce min likitan ƙwaƙwalwa ne da ba inda zan je, ita ma ta sani. A Kano in aka ce za a kai ka Dawanau, inda asibitin ƙwaƙwalwa yake, kowa ya san me ake nufi, tun muna yara da shi ake tsokana. Sai ta kai ni ɓangaren da ake ganin kowa da kowa a wani babban asibiti, muka yanki kati muka bi layi.

Likitan matashi ne, ban ma ɗauke shi da muhimmanci ba da farko. Na zube masa takardun gwaje-gwajena a tebur, ya duba yace wannan gwajin taifot ɗin da ake yawan yi yana iya nuna akwai ko da babu, musamman a wajen da mutane suka saba haɗuwa da ƙwayar cutar, ba a dogara da shi shi kaɗai. Ya auna jinina, ya tura ni gwajin suga da yawan jini da na tayirod, wata halitta ce a maƙogwaro wadda in ta yi sanyin aiki takan kawo kasala irin wannan. Sannan ya ajiye biro ya juyo yace Alhaji, yaushe rabon da ka ji daɗin wani abu? Wallahi tunda na fara yawon neman magani ba wanda ya min wannan tambayar. Na buɗe baki in ce lafiya lau, na kasa.

Ya ɗauko wata takarda mai tambayoyi 9 yana karanta min da Hausa, a sati biyun da suka wuce sau nawa ka ji baka sha'awar komai, barci fa, cin abinci fa, gajiya, ganin kai ba ka da amfani, kasa tattara hankali. Kowacce ya faɗa sai in ji kamar yana zaune a ɗakina da daddare yana kallona. Ta ƙarshe ya tambaye ni kai tsaye ba kwana-kwana, ko kana tunanin gara ka mutu, ko ka cutar da kanka? Nan na fashe. Ina da gemu da 'ya'ya, a gaban yaron da na girma, na yi kukan da ban yi ba ranar da Baba ya rasu, ban yi ba ranar ruwa. Bai ce min in yi haƙuri ba, ya miƙo min tishu ya jira. Daga baya na ji daga bakin likitoci cewa yi wa mutum wannan tambayar baya saka masa tunanin a rai, sauƙi ma yake kawowa, kuma ni shaida ne.

Yace abin da ke damunka sunansa ciwon damuwa, ciwo ne kamar hawan jini ko suga, yana da alamomi sanannu kuma yana da magani. Yace bambancinsa da ɓacin rai na yau da kullum shi ne ya zauna maka kusan kullum, yawancin yini, sati biyu ko fiye, ya hana ka aiki da mu'amala. Nace likita ni fa ciwona a jiki yake, kaina ke zafi. Yace a nan ƙasar yawancin masu shi da ciwon jiki suke zuwa, saboda ƙwaƙwalwar da ke kula da farin ciki ita ke kula da barci da yunwa da yadda kake jin zafi. Nace to ai matsalar kasuwa ta wuce. Yace sau da yawa sai bayan an sauke kaya jiki ke faɗuwa, wani ma ba wani dalili da za a nuna. Sai ya tambaye ni ko a gidanmu akwai wanda ya taɓa irin haka, don yana bin jini a wasu gidajen. Na ce babu. Muna hanyar gida a adaidaita sahu ƙaurin hayaƙin nan ya dawo min.

Ranar bai bar ni na tafi haka ba, sai da ya kira maiɗakina ya yi mata bayani, kada a bar ni ni kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya zama haɗari, magani ya zauna a hannunta, kuma ya haɗa ni da ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa a satin. Ranar zuwa na saka hular sanyi da takunkumi don kar a gane ni. Abin da na tarar a layin ya bani mamaki, malaman makaranta, wata hajiya da direbanta, ɗalibai, mai jego da jaririnta a baya, wani dattijo yana jan carbi. Mutane ne irin waɗanda nake sayar wa atamfa kullum.

Likitar can ta yi min tambayoyi masu yawa, har da ko na taɓa shiga wani yanayi na kwanaki ina jin ƙarfi fiye da kima, bana buƙatar barci, ina ɓarnar kuɗi ina surutu, tace in akwai wannan to ciwon daban ne kuma maganinsa daban, shi yasa ba a zuwa kemis a ce a bani irin na wane. Ta rubuta min Fluoxetine, ƙwaya ɗaya da safe. Ta gaya min gaskiya tun farko, ba zai yi aiki yau ko gobe ba, sai an yi sati biyu zuwa huɗu kafin a fara gani, wani har shida, kuma kwanakin farko zan iya jin tashin zuciya da ciwon kai da rashin natsuwa. Haka kuwa aka yi. Satin farko na ce wa maiɗakina wannan abin ƙara min ciwo yake, tace likita ta faɗa ai, buɗe bakinka. Likitar ta kuma ce ba irin ƙwayar da ke bugarwa bace ko ta sa mutum ya kamu da jarabarta, amma ba a yanke ta rana ɗaya, kuma ko an ji sauƙi sai an ci gaba aƙalla wata shida don kar ya dawo.

Sauƙin bai zo da ƙara ba. Abin da na fara lura da shi shi ne wata safiya kiran assalatu ne ya tashe ni, ba ni na jira shi ba. Bayan kwanaki aka yi miyar kuka na ji ƙamshin daddawa ya shiga hancina har na ce a ƙaro. Maiɗakina ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi.

An kuma haɗa ni da wani masanin halayyar ɗan Adam, muna zama muna magana. Da na raina abin, ina cewa surutu me zai min. Shi ya sa ni in dinga rubuta ƙananan abubuwa da zan yi gobe ko bana jin yi, tafiya a ƙasa bayan asuba, zuwa kasuwa ko rabin yini ne, zama da yara minti goma. Yace kar ka jira sai ka ji sha'awa, fara yi sha'awar za ta biyo baya. Ya koya min in kama tunanin nan na ni nauyi ne a kan iyalina in tambaye shi hujja, wa ya faɗa, me ya nuna haka, in abokina ne a wannan halin haka zan ce masa? A hankali na gane muryar nan ta tsakar dare alamar ciwo ce kamar yadda zafin jiki yake alamar zazzaɓi, ba gaskiya take faɗa min ba.

Maganar imani kuwa wani malami dattijo a unguwarmu ne ya warware min ita. Na same shi bayan sallar la'asar nace Allah gafarta Malam, an ce ciwona raunin imani ne. Yace wa ya faɗa? Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, yana cikin suratu Yusuf, akwai wanda ya fi shi imani a cikinmu? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ai shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihi. Yace Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunu na sha'ir, a bai wa wanda aka yi wa rasuwa, saboda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce tana sanyaya zuciyar mara lafiya tana rage baƙin ciki, kaga kenan an san ana taimakon zuciya ta hanyar jiki. Kuma Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Yace ka sha maganinka ka yi addu'arka, ba kishiyoyi bane. Ina ma a ce irin wannan ake ji a kan mumbari, don ni a ganina kalmar raunin imani da ake jefa wa mara lafiya ta hana mutane da yawa zuwa asibiti fiye da rashin kuɗi.

Sai da na samu ƙarfi sosai na je na zauna da Umma. Kun san alkunyar ɗan fari, ko sunana bata faɗa, bamu taɓa doguwar hira ba. Na gaya mata komai, barcin, abincin, muryar tsakar dare. Ta daɗe tana kallon ƙasa sannan tace kai, abin da na ji kenan lokacin rasuwar yarinyar nan, sak, har roƙon mutuwar. Tace ni ban taɓa cewa an min sammu ba, faɗa aka yi ni kuma bani da bakin musawa. Bayan sati biyu ta sa na kai ta gidan tsohuwar abokiyar zamanta, tana nan da ranta ta tsufa a gidan ɗanta. Na tsaya a zaure ban shiga ba, ban san me suka ce wa juna ba, amma sun daɗe. Shekaru sama da talatin baiwar Allah nan tana ɗauke da sunan abin da bata aikata ba, aurenta ya mutu, saboda ba wanda ya san sunan ciwon a gidanmu. Wannan har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Daga baya na dinga bincike. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kimanin mutum miliyan 280 ke fama da shi a duniya, ya fi yawa a mata, kuma fiye da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego suna shiga cikinsa, ku tuna matan da ake cewa aljanu sun shafe su a wankan jego. Sama da mutum dubu 700 ke kashe kansu duk shekara. A Najeriya sai a watan Janairun 2023 shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kafin nan dokar 1958 ta zamanin Turawa ake amfani da ita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, kuma asibitocin koyarwa suna da ɓangaren, amma likitocin sun yi kaɗan ƙwarai, ranar asibiti in baka yi sammako ba sai ka yini. Na ƙauye kuma kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana shi dawowa karo na biyu, ga magani ya yi tsada. Wannan gaskiya ce, ba zan ce abin da sauƙi ba.

Yanzu likita ta rage min maganin a hankali har muka tsaya, amma ina komawa ana dubani lokaci-lokaci, don ta gaya min yana iya dawowa, wanda ya taɓa yi sau ɗaya ya fi kusa da sake yi. Mun yi yarjejeniya da maiɗakina, in ta ga na fara tashin tsakar dare kwanaki a jere ko na daina zuwa majalisa ko na fara yi wa yara tsawa ba dalili, ba sai ta nemi izinina ba ta kira yayarta. Akwai ranakun da nake tashi da nauyi har yanzu, amma yini ɗaya ne ko biyu ya wuce. Ƙaramar tawa ta dawo tana rugowa, ita ce ta fi daɗewa kafin ta sake yarda da ni.

A layinmu mutum uku ne kawai suka san inda na je, sauran suna cewa taifot ɗin Alhaji ya daɗe kafin ya sake shi. Kwanan nan na lura da wani maƙocin shagona, ya rame, ya daina fitowa cin abinci da mu, kullum da ledar magani a aljihu yana cewa maleriya ta ƙi jin allura. Na jira aka tafi sallar azahar shago ya yi shiru na matsa kusa nace ɗan'uwa, ƙarfe nawa kake farkawa da daddare? Ya kalle ni ya daɗe, yace wa ya gaya maka? Na bashi labarina tun daga ruwan 2022. Ya yarda zan raka shi ranar Talata, da sharaɗin mu haɗu a bakin asibitin ba a kasuwa ba.